Dillalina ya ce in ƙara kashi 10 domin "manya"

Tambaya: Ina sayar da kayan asibiti, kuma na kusa samun kwangila da ma'aikatar lafiya ta wata ƙasa. Dillalin da ke tsakaninmu ya ce in ƙara masa kashi 10 a kan la'adarsa, zai "ga manya" da shi, wai haka kowa yake yi a can. Tunda ba ni zan miƙa kuɗin ba, akwai laifi a kaina?

Amsa: Ɗan'uwa, akwai, kuma ina jin zuciyarka ta riga ta faɗa maka, shi ya sa ka rubuto. La'ada hakkin dillali ce a kan aikin da ya yi. Abin da aka ɗora a kanta domin jami'in da zai sa hannu kuwa cin hanci ne, ko hannun wa ya bi. A 2014 OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, ta nazarci shari'o'i 427 na rashawa a cinikin ƙasa da ƙasa, ta gano uku cikin kowane huɗu ta hannun 'yan tsakani aka bi. Ka ga hanyar da dillalinka ya nuna maka ita ce wadda masu bincike suka fi sani.

Dubi inda kashi 10 ɗin zai fito. Ba daga ribarka ba, na sani. Ko dai ka ɗora shi a kan farashi, ko ka rage ingancin kaya. Ma'aikatar da za ta sayi gadaje 100 sai ta tashi da 90, ko ta karɓi na'urar da za ta lalace cikin wata shida. Mara lafiyar da ya kwana a ƙasa bai san sunanka ba, amma shi ya biya. Wannan ne ya fi damuna a lamarin, fiye da maganar doka.

Dokar ma ba ta barci. Amurka ta haramta wa kamfanoninta ba jami'an ƙasashen waje rashawa tun 1977, kuma idan kuɗi ya ratsa bankunanta tana iya bin sawunsa. Dokar Birtaniya ta 2010 ta fi tsauri: kamfani na da laifi idan wakilinsa ya ba da hanci alhali bai ɗauki matakin hanawa ba, ko ɗan abin "a hanzarta takarda" ma ba ta yafe ba. A kan laifin rashawa, kamfanin Siemens na Jamus ya biya tarar kusan dala biliyan 1.6 a 2008, kamfanin ƙera jiragen sama na Airbus ya biya yuro biliyan 3.6 a 2020. Su manya ne, sun biya sun ci gaba da harkarsu. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa, banki ya rufe masa asusu sau ɗaya, shi ke nan.

Sannan wanda ya karɓa yau ya riƙe wuyanka. Gobe zai ce 15, ba ka da inda za ka kai ƙara.

Ka koma wa dillalin a rubuce. Yarjejeniyarku ta fayyace aikin da zai yi da adadin la'adarsa, a sa sharaɗin cewa ba zai ba wani jami'i ko sisi ba. Ka biya ta banki, cikin asusu mai sunansa, a ƙasar da yake aiki. In ya kawo maka takardar biya da aka rubuta "kuɗin shawara" ba bayani, ko ya ce a tura wa wani kamfani a ƙasa ta uku, kada ka sa hannu. Mai yiwuwa ya janye, kwangilar ta kuɓuce maka, kuma na san da zafi. In hakan ta faru, nemi ofishin kasuwanci na jakadancin ƙasarka a can su haɗa ka da wani wakilin, ka shiga neman kwangilar gaba kai tsaye.