Me ya sa ake sa wa wasu layukan tarho jar alama?

Ɗan'uwa, ka tambayi ma'anar jajayen hulunan roba da ka gani a kan wasu wayoyi cikin akwatin rarraba layuka. Gargaɗi ne: kada ka taɓa sai da izini.

An yi amfani da tsarin a kamfanonin tarho na Bell a Amurka, inda ake rufe bakin irin waɗannan layuka da jar roba, a kuma zura jan zobe a jikin wayar. Layukan ƙararrawar banki da ta gobara ne, da na 'yan sanda, da masu kai sauti gidan rediyo.

Matsalar ita ce yawancinsu ba su da ƙarar nan da ake ji idan an ɗaga kan tarho. Sai ma'aikaci ya maƙala wayar gwajinsa, ya ji tsit, ya ɗauka layin banza ne, ya cire ya ba wani. Ni kaina na taɓa yin haka ina ɗan koyo. Ƙararrawar wani shago ta mutu kwana biyu, na sha faɗa wajen maigidana.

Idan aiki ya kama dole a kan irin wannan layi, kira ofishin kamfanin tarho tukuna su ba ka izinin taɓa layin, sannan ka mayar da hular in ka gama.