Yadda ake kai ƙaramin jirgin sama hannun mai shi ta ƙetaren teku

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan aiki guda: tuƙa ƙaramin jirgi daga ƙasar da aka saye shi zuwa ƙasar mai shi. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum. An ce mini jirage masu kujera huɗu da ake ƙerawa a Amurka tuƙo su ake yi har Turai. Anya kuwa? Ni a zatona a jirgin ruwa ake ɗoro su.

Amsa: Wa alaikumus salam. Duka biyun ana yi. Ana iya cire fukafukai da bindin jirgin a shigar da shi kwantena mai ƙafa 40, sai dai zai yi makonni a kan ruwa, kuma in ya isa dole injiniya mai lasisi ya mayar da komai, ya saita wayoyin sarrafa jirgin, sannan a tashi da shi gwaji. Duk abin da aka kwance aka sake ɗaurawa akwai inda kuskure zai iya shiga. Shi ya sa jirgin da zai iya tafiyar kilomita 1,300 da ragowar mai a tanki, yawanci tuƙa shi ake yi. Cessna daga Kansas, Cirrus daga Duluth, Piper daga Vero Beach, duk suna tsallakawa gabas, Pilatus na Suwizalan da TBM na Faransa kuma suna tsallakawa yamma. Akwai matuƙa da ba su da wata sana'a sai wannan.

Tambaya: To wace hanya suke bi, alhali tekun Atilantika ba shi da wurin sauka?

Amsa: Yawanci ba sa ratsa shi ta tsakiya. Ta arewa suke zagayawa, inda ƙasa ke kusa da ƙasa. Hanyar da aka saba tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ita ce a tashi daga Goose Bay a Kanada zuwa Narsarsuaq a kudancin Girinland, kusan kilomita 1,250, daga nan zuwa Reykjavik a Aisland, kusan 1,240, sannan zuwa Wick a arewacin Sikotland, ɗan ƙasa da 1,200. Jirgin da bai da dogon zango yana ƙara yin arewa: Iqaluit a Kanada zuwa Kangerlussuaq a yammacin Girinland, kimanin kilomita 900, sai Kulusuk a gabashinta, sai Reykjavik, in ta kama a ya da zango a tsibiran Faro.

Kowace hanya da nata ciwon kai. Narsarsuaq a ƙuryar wani dogon mashigin ruwa yake, duwatsu sun kewaye shi, kuma in hazo ya rufe shi filin da za a karkata zuwa gare shi yana da nisan ɗaruruwan kilomita. Hanyar arewa kuwa sai an haura tudun ƙanƙarar Girinland, wanda tsakiyarsa ta wuce mita 3,000, ga shi fari fat, ido ba ya raba ƙasa da sama. Filayen Girinland sun saba rufewa ranar Lahadi, buɗe su a wajen lokacin aiki kuma kuɗi ne mai kauri. Ƙasar tana ta gina sababbin filaye, na Nuuk ya samu dogon titi a 2024, saboda haka kada a dogara da tsohon labari, a duba sanarwar ranar. Haka man jirgi mai fistin, 100LL, ba a kowane fili ake samunsa ba. A wasu wuraren da durom ake sayar da shi, ko rabi kake buƙata sai ka biya durom ɗin gaba ɗaya. Matuƙi mai hankali yana buga waya ya tabbatar akwai mai kafin ya tashi.

Akwai hanyar kudu, daga St. John's a Kanada zuwa Santa Maria a tsibiran Azores, kusan kilomita 2,500 ba tsayawa. Mafi tsanani ita ce Kalifoniya zuwa Hawai a tekun Fasifik, kusan kilomita 3,900, ba ko tsibiri ɗaya a tsakani.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗalibin tuƙin jirgi ne. Cessna 172 da muke koyo da shi lita 200 yake ɗauka. Ta yaya irinsa zai kai Hawai?

Amsa: Da ƙarin tanki a cikin ɗakin jirgin. Bari mu yi lissafin tare. Jirgin na yin kamar kilomita 210 a awa, yana shan kamar lita 32. Kilomita 3,900 sun zama awa 18 da rabi, wato kusan lita 600. Ƙara ajiyar awa uku, ka doshi lita 700. Ke nan ana neman ƙarin lita 500 a kan abin da ke cikin fukafukai. Kowace litar 100LL nauyinta kilo 0.72, ga kilo 360 na ƙarin man kaɗai. Iyakar nauyin 172S a lokacin tashi kilo 1,157 ne, jirgin shi kaɗai ya cinye wajen 760. In ka haɗa matuƙi da kayan ceto da tankin kansa, za ka tarar an wuce iyaka da kashi 20 cikin ɗari ko fiye.

Ba a yin haka da ka. Ana cire kujerun baya da ta dama, a ɗaure tankin alminiyam ko na roba mai kama da salka, a haɗa tiyo da bawul da famfo, a fitar da bututun shan iska waje. Injiniya ya sa hannu, hukumar jiragen sama ta ba da izini na musamman wanda ya faɗi yawan nauyin da aka yarda a wuce. A Amurka kashi 10 ba ya buƙatar dogon bincike, wasu jiragen kuma an yarje musu har kashi 30. Izinin ba ya aiki a sararin wata ƙasa sai ita ma ta amince da shi. Jiragen feshin gona sun huta da wannan wahalar, domin rumbun maganin feshin ake wankewa a cika shi da mai.

Jirgin da ya yi nauyi haka halinsa ya canja. Yana cin titi mai tsawo kafin ya ɗaga, yana hawa a hankali kamar mai ciwon ƙafa, injin kuma yana zafi saboda an daɗe ana matsa masa. In an wuce iyaka da kashi 30, gudun da fuffuke ke daina ɗaukar jirgi a ƙasa da shi yana ƙaruwa da kusan kashi 14, don haka lambobin da ka haddace a makaranta ba su ne naka ba a ranar. Nauyin ya koma baya, hancin jirgin ya yi sakwaf a hannu. Ga shi babu hanyar zubar da man, in wani abu ya faru minti goma bayan tashi, da nauyin nan za a sauka. Shi ya sa ake zaɓar dogon titi da sanyin asuba.

Yawancin matsalar ba ƙarancin mai ba ce, man ne ke ƙin fitowa daga tankin. Bututun shan iska ya toshe da ƙanƙara, ko tiyo ya lanƙwashe a ƙarƙashin kaya, ko bawul ya cije, ko iska ta shiga layin. A watan Janairun 2015 wani Cirrus SR22 da ke kan hanyar Hawai ya sauka cikin teku da laimar ceton da ke jikin jirgin, kimanin kilomita 400 daga tsibirin Maui na Hawai, saboda man ƙarin tankin ya ƙi wucewa, wani jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa ya tsamo matuƙin da ransa. Ƙa'idar ita ce a tashi da tankin fuffuke, da an daidaita a sama a gwada kowane ƙarin tanki ɗaya bayan ɗaya tun ana iya komawa tudu, kuma a fara shanye na cikin ɗaki, a bar na fuffuke zuwa ƙarshe domin shi ne aka fi amincewa da shi. Wasu injina suna mayar da rarar mai zuwa tankin fuffuke. A irinsu sai an fara rage na fuffuken kamar na awa guda, in ba haka ba ya cika ya riƙa tsiyaya waje, matuƙi na zaune bai sani ba.

Tambaya: Ina jin matuƙa suna cewa akwai wurin da in an wuce shi babu komawa. Yaya ake gane shi?

Amsa: Wurare biyu ne, kuma mutane na cakuɗa su. Ɗauki zangon kilomita 1,240, jirgi mai gudun kilomita 220 a awa, iska na turo shi daga baya da 50. Yana tafiya da 270, in ya juya zai dawo da 170.

Na farko shi ne inda lokacin ci gaba da na komawa suka yi daidai. Ka ninka nisan da gudun komawa, ka raba da jimlar gudun biyu: 1,240 sau 170 a raba da 440, ya ba ka kilomita 479. In inji ya fara tari kafin nan, baya ta fi kusa. Bayan nan gaba ta fi kusa, ko da ba a kai rabin hanya ba.

Na biyu na mai ne. In kana da man awa 7 ban da ajiya, 7 sau 170 a raba da 440 ya zama awa 2 da minti 42, wato kilomita 730. Kafin ka kai nan dole ka samu sabon rahoton yanayin filin da ka nufa. In ya rufe, ka juya. Iskar da aka yi hasashe takan saɓa, don haka ana sake lissafin a sama, kowace awa ana gwada man da ya rage da abin da takarda ta ce ya kamata ya rage. Yawanci iskar arewacin Atilantika daga yamma take kaɗawa, mai zuwa Turai na cin moriyarta, mai komawa Amurka na biyan bashin.

Tambaya: In injin ya mutu a tsakiyar teku fa?

Amsa: Sai sauka a kan ruwa, kuma tun a ƙasa ake shirya mata. Dokar Kanada ta ce mai inji ɗaya ba zai fita kan teku ba sai yana da shaidar tuƙi da na'ura cikin gajimare, da rediyon HF mai dogon zango, da kariya daga sanyi ga kowa a jirgin, da ƙarin mai kashi 10 a kan na doka. Ruwan can yana kusa da daskarewa, cikin kamar minti goma yatsu sun daina riƙe abu. Rigar roba mai hana ruwa ana sa ta ne kafin a tashi, aƙalla zuwa ƙugu, domin ba mai iya sa ta a ƙuntataccen ɗaki yana kuma tuƙi. Kwalekwalen roba ya zauna inda hannu zai kai, na'urar kiran ceto mai aiki a zangon rediyo na megahaz 406 a ɗaure a jikin matuƙi. Ana kira a zangon rediyo na gaggawa, 121.5, manyan jiragen da ke sama suna saurare kuma suna isar da saƙo. A sauka a tsawon igiyar ruwa, kada a tunkare ta, a buɗe ƙofa kafin a taɓa ruwa don kada ta cije, kada a hura rigar ceto sai an fita.

Amma abin da ya fi mutuwar inji yawan jefa mutane a haɗari shi ne ƙanƙarar da ke taruwa a fuffuke cikin gajimare, musamman tsakanin digiri sifili da 20 ƙasa da sifili. Da bazara ana iya saukowa ƙasa inda iska ta fi ɗumi ta narke. Da hunturu sanyin ya kai har fuskar ruwa, babu inda za a gudu. Saboda haka daga Mayu zuwa Satumba ne lokacin ƙananan jirage, kuma zaman kwana uku a Goose Bay ana jiran sama ta washe ba lalaci ba ne.

Tambaya: Na sayi jirgi na hannu a ƙasar waje. Me zan tanada, kuma zan iya bin matuƙin?

Amsa: Alhaji, fara da lafiyar jirgin. A duba littattafan gyaransa, a auna matsin kowace silinda, a yanka filtar baƙin mai a nemi ɓurɓushin ƙarfe, a gwada altaneta da batir. A yi tafiyar awa da yawa a kan tudu ana auna yawan mai da baƙin man da yake sha da gaske, domin injin da ke shan baƙin mai da yawa ba a iya ƙara masa a sama. Jirgin da ya daɗe a ajiye ya fi wanda ake tashi da shi kullum ban tsoro. In injin sabo ne, yana son a matsa masa da kashi 65 zuwa 75 na ƙarfinsa har ringin fistin su zauna, abin da ba ya samuwa a can sama sosai, don haka gara a ƙare wannan kafin a doshi Girinland.

Takardu kuwa: shaidar ciniki, rajista, shaidar lafiyar jirgi ta fitarwa waje, lasisin rediyo, inshorar da ta ambaci tsallaka teku ƙarara, da izinin ratsawa da na sauka na ƙasashen da ke buƙatarsa. Lasisin matuƙi ya dace da ƙasar da jirgin ke ɗauke da lambarta. Kwafin neman rajista da ake tashi da shi a cikin Amurka ba ya ƙetare iyaka. Kada kuma ka yi gaggawar soke tsohuwar rajista kafin sabuwa ta fito, jirgi marar ƙasa ba ya tashi. A yarjejeniya a rubuta wanda zai biya kwanakin jiran yanayi, kuma shawararmu kai ka ɗauke su, don kada matuƙi ya riƙa lissafin aljihunsa yana kallon gajimare.

Bin jirgin ya danganta. In an sa ƙarin tanki da izini na musamman, ba a ɗaukar fasinja, kujerarka ma tanki ne a kanta. In babu, kuma nauyi da inshora sun yarda, kana iya bi da taka rigar robar. Bayan isowa da sallamar kwastan, a cire tankin, a mayar da kujeru, a rubuta a littafin jirgi. In an canja rajista, a tuna a sake saita lambar na'urar da ke nuna jirgi ga masu kula da sararin sama da ta na'urar kiran ceto, in ba haka ba ranar da ta yi kira, tsohon mai jirgin za a riƙa nema a waya.