Amsar Baffa Kan Wuƙar Layya

Ɗana, saƙonka ya iso. Kana tambaya me ya sa gidanmu ba ma sayen wuƙar kanti in Babbar Sallah ta gabato, sai mun je maƙera an ƙera mana, kuma me ya sa wuƙaƙen suke zama har uku. To, saurara.

Maƙeri na ƙwarai ba ya ɗora ƙarfe kan uwar maƙera sai ya tambaye ka aikin da za ka yi da wuƙar, domin aikin ne ke nuna masa yadda zai fitar da bakinta. Kakanninmu daga tama suke narko ƙarfe, kamar yadda aka yi a gindin Dutsen Dala tun kafin a zagaye Kano da ganuwa. Yau sifirin tsohuwar mota ake sarewa, a zuga shi da gawayin ƙirya har ya yi ja, a yi ta dukansa da masaba, sannan a tsoma shi a ruwa ko baƙin mai ya yi tauri. Nan gwaninta take. In taurin ya yi yawa bakin zai riƙa ɓantarewa, in ya gaza kuma ba za ta riƙe kaifi ba.

Wuƙar yanka doguwa ake yi. Ana sirance ta a hankali tun daga gadon bayanta har zuwa baki, gefenta biyu a shimfiɗe, don ta ratsa nama ba tare da ta cije ba. Wannan ba ado ba ne, ɗana. A mazhabarmu ta Malikiyya ana son a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da an ɗage hannu ba, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa, ya hutar da dabbarsa. Shi ya sa kakanka, Allah ya jiƙansa, yake wasa tasa tun daren jajibere, a bayan ɗaki, inda ragon ba zai gani ba. Raina yana ɓaci in na ga yaro yana goga wuƙa a dutse rago na kallonsa.

Ta fiɗa gajera ce mai tumbi, bakinta a lanƙwashe, don ta bi tsakanin fata da nama ba ta huda ba. Fatar da aka huda ta rage daraja a wurin majema.

Ta ukun ta sara ƙashi ce. Ita kauri ake bar mata, gefen bakin ya ɗan yi tudu irin na gatari, saboda ya jure duka. Kada ka taɓa saran ƙashi da wuƙar yanka, rana ɗaya za ka kashe ta. Askar wanzami kuwa bakinta ya fi na kowace siranta, amma gashi da fata kaɗai take iyawa.

Ban ce ta kanti ba ta da amfani ba, ba ta tsatsa, ta dace da madafa. Tamu tana tsatsa, don haka in an gama a wanke, a busar, a shafa mata man gyaɗa, a mayar cikin kuben da baduku ya ɗinka mata. In za ka ba da taka ƙirar, je tun watan Zulƙida, kafin maƙera su cika da jama'a. Ka gaida mahaifiyarka.