Me ya haɗa allurar rage sinadarin maza da sankarar furostet?

Malam, ka tambaya dalilin da ya sa ake yi wa Baba allurar rage sinadarin maza, wato testosteron, saboda sankarar furostet (wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji). Allah ya ba shi lafiya.

Ƙwayoyin jiki ba sa rabuwa kai-tsaye. Akwai shingaye a hanya, kamar 'yan KAROTA a Ƙofar Nassarawa, masu tsayar da ƙwayar da ta lalace har ta gyaru ko ta mutu. Manyansu su ne wasu sinadarai na cikin ƙwayar da ake kira p53, RB da PTEN. Idan suka lalace, ƙwayar furostet sai ta dinga hayayyafa ba birki, testosteron kuma shi ke ingiza ta. Allurar tana yanke mata wannan ƙarfin.

Amma fa wani lokaci ciwon yakan koyi girma duk da allurar, shi ya sa likita ke bibiyar gwajin PSA, wato gwajin jini da ke auna wani sinadari da furostet ke fitarwa. Kada ku tsallake ranar asibiti.