Kafin ki zuba kuɗin adashenki a jinyar tsofaffi

Wata Hajiya mai sayar da man gyaɗa a kasuwar Gujungu ta aiko da tambaya. Ta ce a ƙauyensu tsofaffi na kwance babu mai kula da su, 'ya'ya maza suna Kano da Legas wajen nema, matan kuma aure ya kai su nesa. Ta kwashi adashe, tana so ta ɗauki matan da za su yi jinyar tsofaffin, iyalai su riƙa biya. Akwai riba?

Hajiya, akwai, amma ba ta saurin juyawa kamar mai. Gidajen da ke buƙata ba za su yi miki wuya ba. Wuyar ita ce samun wadda za ta zauna a aikin.

Ko ƙasashe masu kuɗi abin da ke damunsu ke nan. Japan tun 2008 take ɗauko masu jinya daga Indunusiya. Ingila ta buɗe musu biza a 2022, 'yan Najeriya da yawa suka tafi. Aiki ne mai nauyi, lada kaɗan, ga raini. Ki duba tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye: a ɗaga ta, a yi mata tsarki, a canza ledar katifa, a ba ta kunu cokali cokali, a juya ta duk awa biyu don kada gyambo ya fito mata a ƙugu. Wadda ta wuni a haka, wata ya ƙare aka ce ta jira sai ɗan gidan ya turo, ranar da aka fara yankan riɗi za ta tafi gona, kuma ba zan ga laifinta ba.

Saboda haka jarinki ba na sayen kaya ba ne. Safar hannu, sabulu, leda da na'urar awon jini ba za su ci da yawa ba. Ki ware albashin wata uku ki ajiye, kada ki taɓa. Ki yi ciniki da ɗan da ke birni, shi ne mai biya, ya turo kuɗin wata tun farkonsa, a rubuce, da shaidar mai unguwa. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma matan sun san adadin, da shi za su auna ki.

Ki fara da gida uku kawai, aikin rana. Zawarawa da dattijan mata sun fi 'yammata haƙuri, mace ga mace, namiji ga namiji. Ki roƙi ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ta koya musu ɗagawa da juyawa, ki biya ta. Allura da ƙarin ruwa kuwa ba aikinsu ba ne, ko an roƙe su.

Sai maganar gori. Wasu za su ce wane ya kasa riƙe uwarsa ya ɗauko 'yar aiki. Ni dai na fi jin tausayin uwar da ta kwana a jiƙe saboda ana tsoron bakin mutane. Ki koya wa matanki su shiga da sallama, su durƙusa su gaida Inna, su tambaye ta kafin su taɓa ko butarta.