Abincin rana mai rangwame a manyan gidajen abinci na Garwa, Kamaru

Malam, ka tambaya ko abincin ranar nan mai rangwame ya ci kuɗinsa. Ni dai sau biyu na gwada a nan Garwa, kuma zan koma. Salak aka fara kawo min, sai gasasshen giwan ruwan Binuwai da soyayyar ayaba. Tsokar kifin fara fat, cokali na taɓa ta take rabuwa, wallahi har yanzu ina tuna ƙamshin.

Amma ruwan gora da lemo ba sa cikin farashin, nan sefa ke zurarewa. Ka tambayi mai kawo abinci tun farko, har da ko an sa giya a miya, don girkin Faransa yakan sa. Ka je sha biyu da rabi, kafin kifi ya ƙare.