Tambaya da Amsa: Wai zane-zane na iya tayar da garin da masaƙarsa ta mutu?

Tambaya: Salam. Don Allah na ji ana cewa akwai garuruwan da masaƙunsu suka durƙushe amma yanzu masu zane sun farfaɗo da su, da gaske ne ko dai labarin kanzon kurege ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, gaskiya ne, amma da sauran bayani. Ɗauki Saltaire da ke kusa da Bradford a Ingila. Wani attajiri Titus Salt ne ya buɗe katafariyar masaƙar ulu a wurin a 1853, ya gina wa ma'aikata gidaje da makaranta da asibiti. A 1986 masaƙar ta rufe, gini ya zama kango, sai a 1987 wani ɗan kasuwa Jonathan Silver ya saye shi ya rataya zane-zanen shahararren mai zane David Hockney, wanda dama ɗan Bradford ne, a ɗakunan da injuna ke ruri a da, kuma shiga kyauta ne, ga shagon littattafai ga wurin cin abinci duk a ciki. A 2001 UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Har bikin da suke yi akwai, inda mazauna ke buɗe falonsu jama'a su shigo kallon zane, wannan kam ya burge ni.

Amma fa zane shi kaɗai ba ya biyan kuɗin gyaran rufi, sai da aka ba kamfanoni hayar wani ɓangaren ginin. Kuma aikin da ya dawo bai kai na da ba, lokacin da masaƙar ke ɗaukar dubban mutane.